Jagora ga mai gashin kansar prostat a Yamai: yadda za ka bi da wahalhalun magani

Duk namijin da likita ya ce za a yi masa gashin haske, wato radiyoterafi, saboda kansar prostat, tambayarsa ta farko ita ce ko zai ji zafi. Ba zai ji ba. Kana kwance, na'ura tana kewaya ka, cikin minti 10 zuwa 20 ka sauko ka sa takalminka. Wahalar daga baya take zuwa, a masauki, cikin dare, a ban-ɗaki, inda dattijo ba ya son kowa ya san halin da yake ciki. Shirun nan ne yake mayar da ƙaramar matsala babba, domin kusan duk abin da gashi yake jawowa yana da magani ko dabara in an faɗa wa likita da wuri.

Dalilin wahalar ba ɓoyayye ba ne. Prostat ƙwaya ce kamar girman goro, tana ƙarƙashin mafitsara, bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarta, dubura kuma tana manne da ita ta baya. Duk ƙwarewar mai saita na'ura, sai hasken ya ɗan shafi waɗannan maƙwabta. Su ne suke kumbura su yi ja, sai fitsari da bayan gida su sauya hali na wani lokaci.

Kafin 2021 wanda yake buƙatar wannan magani sai ya fita waje, in yana da hali. A shekarar ce aka buɗe sashen gashi a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, CNLC, a Yamai, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA. Yanzu mutumin Tawa, ko Ƙonni, ko Madawa zai iya yin maganinsa a ƙasarsa, amma fa zama ne na makonni a garin da ba nasa ba, kuma zaman yana son shiri.

Mataki na farko: shirin barin gida

Ana yin gashin ne sau ɗaya a rana, Litinin zuwa Juma'a, tsawon mako 4 zuwa 8. Wani tsarin zama 20 ne, wani kuma 37 zuwa 39, likita ne yake zaɓa gwargwadon cutar da na'urar da yake aiki da ita. Daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, saboda haka ka cire tunanin kai da komowa kowane ƙarshen mako. Ka sallami harkokinka, ka wakilta wani a kan gona ko shago, ka zo da niyyar zama har a kammala. Tsallake ranaku yana rage ƙarfin maganin, domin an lissafa shi ne a jere.

Wajen zaɓen masauki, kada ka duba girman gida ko kusancin zumunci kaɗai. Ka duba nisan shimfiɗarka da ban-ɗaki. Nan da mako 3 za ka riƙa tashi fitsari sau da dama kafin asuba, kuma ratsa tsakar gidan suruki cikin duhu, kana taka yara, ba abin da za ka so ba ne. Ka samu ɗan rakiya wanda ba ka jin nauyinsa: ƙane, aboki, ko uwargida.

Ka haɗa takardunka duka a jaka ɗaya: sakamakon PSA, wato gwajin jinin da ake bin ciwon prostat da shi, na biyopsi, wato ɗan naman da aka ciro aka duba, da hotunan sikana. Ka zuba duk magungunan da kake sha a leda ka nuna wa likita, har da na gargajiya, jiƙo ne ko gari. In kana da hawan jini, ko ciwon suga, ko kana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ka faɗa tun ranar farko. Mai shan taba kuma ga lokacin bari ya zo, domin taba tana tsananta illar gashi a hanji da mafitsara. Sai ka sayi ƙaramin littafi na rubuta abin da kake ji kullum. Ko da ajami ne ka rubuta.

Mataki na biyu: shirin kowace safiya

Ma'aikatan sashen za su ce ka zo da mafitsara a cike, dubura kuma ba komai a cikinta. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan ƙa'idar ofis ce kawai, alhali ita ce kariyarka ta farko. Mafitsara in ta cika tana tura hanji sama, ya fita daga hanyar haske. Dubura in tana ɗauke da kashi ko iska tana gusar da prostat daga inda aka saita ta.

Galibi tsarin shi ne ka yi bayan gida da safe, ka isa asibiti da wuri, ka yi fitsari, sannan ka sha ruwan da aka ƙayyade maka, yawanci bai wuce rabin lita ba, ka jira minti 30 zuwa 45 ba tare da ka sake yin fitsari ba. Adadin da suka faɗa maka shi za ka bi, kuma iri ɗaya kullum. Ka samu gora ɗaya ka yi mata alama daidai inda ruwan zai tsaya. In layi ya yi tsawo ka ji ba za ka iya riƙewa ba, ka je ka faɗa wa ma'aikaci, shi zai ce ka rage ko ka sake daga farko. Kada ka zauna kana gumi kana murɗa ƙafa don kunya.

Za a yi maka ƴan alamomi a mara da kwankwaso, da su ake daidaita jikinka a kan gado. Kada ka cuɗe su wajen wanka, in kuma sun dushe kada ka sabunta da kanka.

Mataki na uku: fitsari

Daga mako na 2 ko na 3 ake fara gani. Fitsari yana zuwa akai-akai, yana matsowa ba sallama, yana zafi wajen fita, ko ya riƙa zuba a hankali. Abin da yawancin mutane suke yi shi ne rage shan ruwa, wai don su rage zirga-zirga. Kuskure ne babba. Fitsarin da ya yi kauri ya fi ƙona bututun da ya riga ya ji jiki. Ka sha lita 1.5 zuwa 2 a yini, a watannin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, ka ƙara, sai dai in likita ya taƙaita maka saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Dabarar tana cikin rabon lokaci: mafi yawan ruwan tsakanin asuba da la'asar, bayan magariba ka rage, bayan isha'i kurɓi kawai. Launin fitsarinka shi ne ma'auni. In ya yi fari-fari ka sha isasshe, in ya yi ja kamar shayi da saura.

Akwai abubuwan da suke tsokanar mafitsara, kuma su ne abokan hirarmu: shayin fada mai kauri, goro, kofi, lemun kwalba mai gas, yaji. Na san raba dattijon Adar da goro da shayi ba ƙaramin abu ba ne. Amma na makonni ne, kuma wanda ya jarraba yakan ga bambanci a yawan tashin dare. In ba ka iya bari gaba ɗaya, ka tsaya a kofi ɗaya mai ruwa-ruwa da safe.

In fitsari yana wahalar fita, likita yakan rubuta tamsulosin. Yana aiki, amma yana sa jiri in mutum ya miƙe da sauri, shi ya sa ake yawan shan sa da dare. Ka kula da wannan wajen tasowa daga shimfiɗa da wajen ɗagowa daga sujada: ka ɗan zauna tukuna, sannan ka miƙe. Ka ajiye bokiti mai murfi da fitila kusa da gado. Lokacin hunturu kuma kada ka sayi maganin mura a tebur, domin wasunsu suna iya toshe fitsari ga mai matsalar prostat.

Zafin fitsari ba kullum ne daga gashi ba, wani lokaci ƙwayar cuta ce ta shiga. Gwajin fitsari ne yake rarrabewa, don haka kada ka fara shan kafso da kanka.

Mai fama da ɗigar fitsari yana da motsa jikin da yake taimakawa. Ka matse ƙasanka kamar mai riƙe iska a cikin jama'a, ka ƙirga zuwa 10, ka saki, ka huta. Sau 10 a jere, sau 3 a yini. Ba ya buƙatar wuri, kana zaune a tabarma kana yi ba wanda ya sani. In wurin yana ciwo a tsakiyar magani, ka jinkirta har ya lafa.

Mataki na huɗu: hanji da bayan gida

A nan nake so mai karatu ya tsaya da kyau, domin a nan aka fi yin ɓarna. Alamomin da gashi yake kawowa a dubura su ne zawo, yawan iska, majina a bayan gida, jin kamar ba ka gama ba, raɗaɗi, wani lokaci da ɗan jini. Duk Bahaushen da ya ji wannan jerin zai ce basir ne ko atuni. Kafin ka ankara wani ɗan uwa ya kawo gora cike da jiƙo daga kasuwa, wani ya kawo garin turawa. Da niyyar alheri suka kawo, ba shakka. Amma yawancin magungunan basir na gargajiya masu wanke ciki ne, kai kuwa hanjinka a kumbure yake. Su ƙara maka zawo, ruwan jikinka ya ƙare cikin zafin nan, a wayi gari ba ka iya zuwa asibiti. Abin da ake turawa ta dubura kuwa yana iya yi wa fatar da ta riga ta yi laushi rauni. Ka karɓa ka yi godiya, ka ce likita ya hana haɗa magani har a gama. Ba ƙarya ka yi ba.

Abin yi shi ne gyaran abinci. In zawo ya fara, ka koma abinci mai sauƙi: farar shinkafa, tuwon shinkafa da miyar da ba mai da yawa, kunu ko koko da aka tace, ayaba, dankali dafaffe, kifi ko kaza dafaffe, ƙwai. Ka ci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 maimakon cika ciki sau 2. Ka ɗan ja baya daga wake, ɗanyar albasa ko da ta Galmi ce, kabeji, kwaɗon zogale, aya, ƙosai da sauran soye-soye, kilishi da gasasshen nama mai yaji. Fura da nono kuwa ya danganta da mutum. Wani cikinsa yana karɓa, wani kuma nono yana ƙara masa zawo a wannan lokaci. Ka bari kwana 2 ko 3 ka ga yadda cikinka zai yi, littafin nan naka zai nuna maka gaskiya.

Duk zawon da ka yi ka mayar da ruwa. Ƙunshin SRO na farmasi, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa, ya fi, in babu ka haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Akwai maganin tsayar da zawo, loperamid, amma likitan gashi ne zai ce ka sha, kuma ba a shan sa in akwai zazzaɓi ko jini da yawa.

Wani kuma akasin haka yake samu, cikinsa ya ɗaure, musamman mai shan maganin ciwo irin tramadol. Shi ma ya faɗa, domin yunƙuri yana fasa jini, kuma dubura cike tana ɓata saitin na'ura. Ruwa, miyar kuɓewa ko kuka, gwanda, da ɗan tattaki sukan wadatar, in ba su yi ba akwai magani mai laushi da likita zai bayar.

Tsarkinmu da ruwa alheri ne a nan. Ka zuba ruwan ɗumi a buta, ba mai zafi ba, ka wanke a hankali, ka tsane da ƙyalle mai taushi ba tare da gogawa ba. In raɗaɗi ya yi yawa, ka zauna cikin baho mai ruwan ɗumi na minti 10, safe da yamma.

Mataki na biyar: fata da gajiya

Fatar mara da ta tsakanin ɗuwawu tana iya yin duhu ko ƙaiƙayi, gashin wurin ya zube. Na kai ba ya zubewa. Sabulu marar turare, wando mai faɗi na auduga, kuma kada ka shafa mai mai zafi ko wani haɗi a wurin sai wanda ma'aikata suka yarda da shi.

Gajiya ta fi wannan damun mutane. Tana taruwa a hankali, kuma barci ba ya kore ta gaba ɗaya. Abin da aka tabbatar yana rage ta shi ne motsi. Tattaki na minti 20 zuwa 30 bayan asuba ko bayan la'asar, ko da zuwa masallacin unguwa ne da dawowa ta doguwar hanya. Ƙailula ta taƙaita, kada ta cinye barcin dare. In gajiyar ta haɗu da haki ko bugun zuciya, a duba jini. Masu zuwa dubiya kuma a tsara musu lokaci, ɗan rakiya ya iya cewa, "Alhaji ya ɗan kwanta, ku yi haƙuri zuwa bayan la'asar."

Mataki na shida: allurar hormon

Da yawa ana haɗa musu gashi da allurar da take rage hormon ɗin maza, testosteron, domin da shi wannan kansa take girma. Triptorelin, goserelin da leuprorelin suna cikin irinsu, ana yi duk wata, ko duk wata 3, ko duk wata 6, tsawon wata 6 har zuwa shekara 2 ko 3. Wahalarta daban ce da ta gashi: zafi ya taso wa mutum farat ɗaya ya jiƙe da gumi, sha'awa ta kwanta, tumbi ya fito, ƙashi ya rage ƙwari, rai ya riƙa ɓaci ba dalili, suga ya iya hawa. Riga mai sauƙi, mafici a hannu, ruwan randa kusa. Tattakin nan dai shi ne maganin ƙiba da raunin ƙashi, sai abinci mai gina ƙashi irin nono, cuku da ƙananan kifi bayan ciki ya daidaita. Mai ciwon suga ya ƙara yawan awo. Ka tambayi mai farmasi yadda za ka adana allurar in za ka tafi da ita Tawa, domin wasu ba sa jure zafi. Kada kuma ka bar allurar don ka ji sauƙi ko don PSA ta sauka. In kuɗi ne ya gaza, ka faɗa wa likita a fili tun kafin ranar allura ta wuce.

Mataki na bakwai: tsakaninka da iyali

A fara kawar da tsoro. Gashin da ake yi daga waje ba ya barin komai a jikinka. Ka ɗauki jikanka, ku ci a kwano ɗaya, ka kwana ɗaki ɗaya da matarka. Kansa kuma ba ta yaɗuwa ta kwanciya.

Raunin mazakuta gaskiya ne, yana samun maza da yawa. Na allura yakan zo da wuri, na gashi kuma a hankali, cikin watanni zuwa shekara 2. Maniyyi yana raguwa ko ya ƙafe, haihuwa tana iya wuya. Wanda yake son ƙarin ƴaƴa ya yi maganar kafin a fara. Kuma a guji ɗaukar ciki lokacin magani da watannin da likita zai ƙayyade bayansa, domin haske yana iya taɓa ƙwayoyin haihuwa.

Akwai magani, sildenafil ko tadalafil, kuma suna taimakon wasu. Amma sai da takardar likita, domin haɗa su da wasu magungunan zuciya yana faɗar da jini ƙasa har ya yi kisa. Maganin ƙarfin maza na bakin tasha, wanda ba a san abin da aka zuba ciki ba, haɗarinsa ya fi haka. Abin da ya fi ciwo a gidaje da yawa kuwa shi ne rashin bayani. Miji ya janye jiki ya yi shiru, mata ta ɗauka an daina son ta, a gidan mata biyu ko uku kuma zargi ya shiga tsakani. Jimla ɗaya ta isa: "Hajiya, maganin nan ne yake kashe mini jiki, ba wani abu ba ne tsakanina da ke."

Mataki na takwas: salla da azumi

Ɗigar fitsari da yawan fitar iska suna sa wasu su ƙaurace wa jam'i, wasu ma su shiga waswasi. Malaman fiƙihu sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa mai irin wannan larura, ka je wa malamin da ka amince da shi ka faɗa masa halinka dalla-dalla. Ka ware wandon salla, ka yi amfani da ƙyalle ko audugar da ake sawa a ciki. In Ramadan ya riske ka cikin magani, ka sani shan ruwa kafin shiga na'ura wani ɓangare ne na maganin, kuma an yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama.

Mataki na tara: alamomin da ba a kwana da su

Fitsari ya tsaya cak, mara ta cika tana ciwo. Wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti ko ƙarfe nawa ne, za a sa robar fitsari a samu sauƙi nan take. Haka nan jini mai yawa ko gudaji a fitsari ko bayan gida, zazzaɓin da ya kai digiri 38 ko rawar ɗari, zawon da ya ƙi tsayawa har da jiri ko amai, kumburin ƙafa ɗaya, ko sabon ciwon baya mai tsanani da raunin ƙafafu. Zazzaɓi a ƙasarmu yana iya zama na cizon sauro, yana iya zama na mafitsara, don haka a gwada duka biyu. Ka karɓi lambar wayar sashen tun makon farko, ka tambayi inda za ka je ranar Asabar da Lahadi.

Duk mako likitan gashi yakan duba marasa lafiyarsa. Kada ka shiga ka ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi" ka fito. Ka gode wa Allah, sannan ka buɗe littafi: "Likita, tun Talata ina tashi sau 6 da dare, bayan gida sau 4 da majina, jiya na ga jini." Da irin wannan bayani yake sanin abin da zai rubuta. In ɗanka ne yake yi maka tafinta kuma kana jin nauyinsa, ka nemi ya fita a kira ma'aikaci namiji mai jin Hausa.

Mataki na goma: bayan an gama

Kada ka yi mamaki in wahalar ta ƙaru a mako 1 ko 2 na farko bayan zaman ƙarshe. Haka take, sannan ta fara sauka, ga yawancin mutane cikin wata 1 zuwa 2. In da hali ka ɗan ƙara kwanaki a Yamai kafin ka hau doguwar hanya. Ranar tafiya ka zaɓi kujerar da fita ba za ta yi wuya ba, ka yi wa direba bayani tun a tasha. Abincin da ka bari ka dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ba rana guda ba.

Ka karɓi takardar da ta bayyana irin gashin da aka yi maka, ka adana ta, ka nuna wa duk likitan da zai duba ka a asibitin Tawa ko wani wuri. Wasu illolin suna ɓullowa bayan watanni ko shekaru: jini ta dubura, jini a fitsari, ko fitsari ya riƙa ƙanƙancewa saboda bututu ya tsuke. Kada a yi maka aikin basir ko wani yanka a wurin sai mai aikin ya san an taɓa yi maka gashi, domin naman da haske ya taɓa ba ya saurin warkewa.

Gwajin PSA shi ne zai riƙa nuna yadda ake ciki, galibi duk wata 3 zuwa 6 a shekarun farko. Bayan gashi PSA a hankali take sauka, tana iya ɗaukar shekara 2 ko fiye kafin ta kai ƙarshen saukarta, wani lokaci ma ta ɗan hau ta sake sauka ba tare da cutar ta dawo ba. Abin da likitoci suke sa wa ido shi ne ta haura mafi ƙanƙantar adadin da ta taɓa kaiwa da maki 2. Ka riƙa yin gwajin a ɗakin awo ɗaya in zai yiwu, ka rubuta kowane sakamako da kwanan watansa a shafi ɗaya, ka tafi da shafin duk ranar da aka ba ka ta ganin likita.